Fayil ɗin Makaman Malam Yahuza

Assalamu alaikum. Wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Allah ya gafarta Malam, limamin Yalwawa. Mai unguwa, malamanmu na jami'a, 'yan uwa da suka taso daga Taura tun da safe, Hajiya Mashkura da 'ya'yan marigayi, ina yi muku ta'aziyya, ina kuma yi wa kanmu.

An ba ni minti biyar. A kan fayil ɗaya zan ƙarar da su.

Jiya Sagiru, babban ɗan marigayi, ya kira ni. Ya ce sun buɗe akwatin Baba sun tarar da wani fayil mai kauri, an rubuta "Makamai" a bayansa, cike da zanen bindigogi. Kawunsa ya ba da shawara a ƙona shi kafin wani ya gani, saboda halin da ƙasa take ciki. Har wasu a unguwa sun fara tambaya ƙasa-ƙasa, wai dama me Malam Yahuza yake yi a laburare shekara talatin.

Ni na jawo masa.

Shekara shida da suka wuce, ina aji uku a jami'a, na zaɓi rubuta maƙala kan yadda masu finafinan ƙagaggun labaran kimiyya suke tsara makamansu: bindiga mai harba haske, garkuwar da ido ba ya gani. Na ɗauka aikin kwana biyu ne, tunda duk ƙage ne. Na kwaso shafi arba'in daga intanet na kai masa. Ya karanta na farko, ya cire tabarau.

"Zulfa, ina isnadin wannan?"

Na ce, "Baba, ai bindigar ma babu ita a duniya."

Ya ce ya sani. Bindigar ƙage ce, amma wanda ya zana ta mutum ne mai suna, kuma ko dai ya faɗi dalilinsa a wani wuri, ko wani ne ya ƙaga masa magana. Cikin arba'in ɗina, uku suka tsira.

Ya kasance mutumin da ba ya raina tambaya, ko da mai tambayar ta raina ta. Ya kasance yana rubuta hukunci da jan biro a gefen kowace takarda: ingantacce, mai rauni, ba shi da asali. Da yawanmu a nan, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na sakatariya, mun sha wannan jan biron, kuma mun yi masa tsegumi a bakin ƙofa. Ya kasance bai taɓa kallon ko ɗaya daga finafinan nan ba. Ya ce ba shi da lokaci, yana neman wanda ya zana makaman cikinsu.

Majiya ɗaya ta gagare mu: hirar da aka ce wani mai zane ya yi, kowa yana ambatonta, babu wanda ya ga asalinta. Wata Alhamis ya ce in dawo Litinin. Ya kulle ƙofar laburare, na tafi. Na miƙa maƙalata ba tare da ita ba, na samu makina, ban koma ba.

Jiya na roƙi Sagiru ya karanta mini shafin ƙarshe. Hirar ce. Kwanan watan da ke kai na bara ne. A gefe an rubuta: "Ingantacce. A ba Zulfa."

Hajiya, babu abin kunya a akwatin nan. Sagiru, ka gaya wa Kawu bindigogin ba su taɓa kashe ko sauro ba. Kada ku ƙona shi. Ku mayar da shi laburare, inda ɗalibai za su gani. Shafin ƙarshe kawai nake roƙo, tunda da sunana ya bar shi, kuma na makara da karɓa.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Malam Yahuza, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.