Iskar da ta tarye ni a bakin rami

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya kai ni ƙarƙashin ƙasa ya dawo da ni. Ni ne Bitrus, wanda yaranku ke kira mai gadin coci saboda ban taɓa wuce bencin bakin ƙofa ba. Kun yi zaton zafi nake gudu. Ni na ce muku haka, kuma ƙarya na yi. Yau zan faɗi gaskiya.

Gina rijiya na gada. Da zinariya ta fito wajen Maradun, na ajiye sana'ar ubana na bi 'yan haƙa. Wata Laraba rami ya rufta da mu, ni da abokina Ayuba. Kwana ɗaya da yini muka yi ciki. Duhun bai dame ni kamar rashin iska ba. Ina jin numfashin Ayuba yana raguwa har ya tsaya, kafaɗarsa na jingine da tawa. Ni aka ciro da rai.

Daga ranar ban ƙara kwana a ɗaki ba. Ko da damina, a rumfa nake kwanciya. Idan aka rufe ƙofa ina ciki, sai in ji ƙasa ta cika mini baki. Na koma haɗiyar ƙwaya don in runtsa. Shekara bakwai ke nan, ina zuwa sujada, ina ɗaga hannu, amma a zuciyata na yanke cewa ikon Allah a doron ƙasa ya tsaya, tunda na kira shi a ramin nan bai amsa wa Ayuba ba.

Sai ciwon ƙoda ya kama yayana Yohanna, wanda ya rene ni. Aka gwada dangi, tawa ce kaɗai ta dace. Na bar ƙwaya da ƙyar, muka tafi Alƙahira don a yi masa dashe. Jirgin sama bai firgita ni ba, akwai taga, ina ganin sarari.

Yaya yana kwance a asibiti, ni kuwa na sauka wata unguwa mai nisa, gidan Malam Sanusi, mutumin Bakura da ke zurfafa karatun addininsa a can. Musulmi ne, ya riƙe ni kamar ɗan ɗakinsu. Aka sa mini ranar da zan bayyana gaban likitoci da ƙarfe goma in sa hannu. Idan na kuskure, sai bayan makonni, jikin Yaya kuwa ba zai jira ba.

Ranar muka shiga mota da wuri, sai cunkoso ya datse hanya. Tara ta gota, ba mu motsa ba. Malam Sanusi ya ja ni muka sauka, muka tsaya gaban wata matakala da ta nutsa cikin ƙasa, mutane na ta kwarara ciki kamar tururuwa.

Ya ce, "Bitrus, wanga cunkoso ba ya sakin mu kahin azahar. Jirgin ƙasa na nan ƙasa, shi za mu shiga."

Na ce, "Malam, ban iyawa. Rami ya taɓa cin rabina."

Ya dube ni, ya ce, "To mi za mu ce ma Yohanna?"

Wayyo, 'yan'uwa! Na dafa ƙarfen matakala, gumi na zuba, mutane na ture ni suna wucewa. Na rufe ido na ce, "Yesu, kai ma an sa ka a rami an rufe da dutse. Ka san wurin. In kana can ƙasa, nuna mini, don ni kaɗai ba zan sauka ba."

Ban rufe baki ba sai iska ta taso daga cikin ramin ta bugi fuskata, har rigata ta kaɗa. Ku tambayi duk mai gina rijiya: kafin mu sauka, fitila muke zurawa, in ta mutu ba mai shiga. Rami ba ya ba da iska, karɓewa yake yi. Wannan kuwa yana hura mini! Malam Sanusi ya ce jirgi ne ke turo ta idan ya doso. Na yarda. Amma wa ya sa ya doso daidai lokacin da na ce amin?

Na kama hannunsa muka sauka. Allah mai iko! Gari guda ne a ƙarƙashin gari. Haske tar, rufi ya yi tsawon rimi, ba ko itace ɗaya da ya tokare shi. Na shafa bango da tafin hannuna, irin na masu sana'a, ban ji ko ɗigon ƙasa ba. Wata tsohuwa na zaune tana ɓare lemo hankalinta kwance. Jirgi ya fito daga duhu, ƙofofi suka buɗe da kansu, suka rufe ina ciki. Na jira ƙasar nan ta cika mini baki. Ba ta zo ba. Sai kuka ya ƙwace mini, na yi wa Ayuba kukan da ban yi ba shekara bakwai.

Goma saura kaɗan na sa hannu. Ga Yaya can zaune kusa da matarsa, da ƙodata yake yawo, har ya fi ni cin tuwo. Haleluya!

Na gode wa Ubangiji, na gode wa Malam Sanusi da ya zama hannun da aka riƙe ni da shi. Kai da ke da wurin da ka ce Allah ba ya kaiwa, ka kira shi daga bakin wurin, ya riga ka isa.

Ga ni yau a gaba, nesa da bencina. Dattijo, don Allah tashi ka rufe ƙofar nan, mu yi waƙa.