Faratan Dawadawa da Kujerun Sule

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hajiya Memuna mai masara, daga Aboabo, kuma hankalina a tashe yake.

Ina da kyanwa, Dawadawa, ita ke hana ɓeraye fasa mini buhuna. Ɗana Sule ya saya mini sababbin kujerun kushin, sai ta yakushe su. Ya ce, "Mma, ranar Asabar zan kai ta a cire mata farata, kowa ya huta."

Na ɗauka yankan farce ne irin na kasuwa. Da na tambayi likitan dabbobi, sai ya nuna mini gaɓar ƙarshe ta yatsana, ya ce, "Hajiya, daga nan ake gutsurewa, har da ƙashi." Tun daga ranar gabana ke faɗuwa.

Lafiyarta lau fa! In karnukan maƙwabta suka biyo ta, da me za ta hau mangwaro? Sule kuwa ya yi fushi, wai na fifita kyanwa a kansa.

Malamai da masu sauraro, ku ba ni shawara kafin Asabar. Gobe ƙiyama kujera ba za ta kai ƙarata ba, amma Dawadawa za ta kai.