Kujerar da Ta Rage

Da sunan Allah, wanda Shi kaɗai ne ba Ya gushewa. Mai girma Shugaban Jami'a, shugaban tsangaya, ɗana shugaban sashe, abokan aiki. Ƙanwata uwargidan marigayi da 'ya'yanmu. Ɗalibai na da da na yanzu, assalamu alaikum.

Shekara ashirin da shida muna ofis ɗaya da marigayi, fanka ɗaya, taga ɗaya wadda ba ta rufuwa. Darasi ɗaya muka koyar, mahangar zahiri a alaƙar ƙasa da ƙasa: cewa babu alƙali a saman ƙasashe, kowacce ta kanta take yi, kuma ƙarfi ke raba gardama. Ban saba yabon da ban yarda da shi ba, ba kuwa zan fara yau ba.

Ya kasance malamin da ɗalibai ke tarewa tun daga matakala. Ya kasance wanda ake ƙwanƙwasa ƙofarmu dominsa, in aka tarar ni kaɗai ce, sai a ce, "Yi haƙuri, Hajiya, za mu dawo." Na fi shi maki tun muna ɗalibai, na fi shi rubuce-rubuce, amma shi aka so. Na yi ƙyashinsa, kuma ya sani.

Duk kun san darasin kujeru. Ranar farko a ƙirga ɗalibai, a cire kujera ɗaya, malami ya fice ya bar su minti goma ba mai tsawatarwa. Masu ƙarfi su zauna, masu wayo su haɗa kai, ɗaya ya rage a tsaye. Shi ke nan, sun ga duniya. Saboda wannan darasin kuke kiran marigayi Baba Kujera. To, ni na ƙirƙiro shi. Ga takardar a jakata, da rubutun hannuna.

Na taɓa tare shi na ce, "Malam, darasina ka ɗauke."

Ya ce, "Mamaya ce, Hajiya. Ki kai ƙara wurin alƙalin da kika ce babu shi."

Wata guda ban amsa gaisuwarsa ba. Kullum sai ya gaishe ni.

Makon jiya shugaban sashe ya kawo mini rubutun allon da za a kafa a ƙofar ajin: darasin kujeru, wanda marigayi ya ƙirƙiro. Ya ce, "Mama, a duba mana nahawu." Nahawu! Na ɗauki jan biro, na ƙudura zan ƙwato sunana a gabanku yau.

Sai na je gaisuwa. Ƙanwata, kin tuna abin da kika nuna mini? Tsohuwar kujerar ofishinsa, hannunta ya sha gyara. Kika ce, "Yaya, wannan ce yake kinkima duk farkon zango, har bayansa ya riƙa ciwo." Shekaru ina ganin yana fita da ita, girman kai ya hana ni tambaya. Ashe in minti goman ya cika, yakan dawo da ita ya ajiye wa wanda ya rage, shi ya koyar a tsaye. Ni nakan bar ɗalibin a tsaye har a tashi, don darasi ya shiga. Ya kuwa shiga. Ba su dawo ƙofata ba.

Ya kasance ya yarda da abin da muke koyarwa, bai yarda ya zama halinsa ba. Wannan nake wa ƙyashi, har yanzu da nake tsaye nan.

'Ya'yana, ku riƙe wannan game da mahaifinku. Shugaban sashe, ga gyarana, kada a taɓa ko wasali: ni na cire kujerar, shi ya dawo da ita.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini watan nan da na ƙi amsa gaisuwa. Amin.