Gurabe Goma Sha Ɗaya da Dogo Ya Bari

Shugabar wannan taro, 'yan kwamitin gyaran harshen da muke rubuta manhaja da shi, malamaina, abokan sana'a, da matasan da ke can baya suna latsa waya, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba ni dama kafin a kaɗa ƙuri'ar soke umarnin nan da ke ce wa na'ura kada ta yi komai.

Na farko, na ji hujjarku. Kun ce layi ne na banza, wanda ba ya son a yi komai ya bar gurbin fanko. Gaskiya ne, ita na'ura duk ɗaya ne a wurinta. Amma ba na'ura kaɗai ke karanta abin da muka rubuta ba.

Na biyu, ni ke kula da manhajar ɗakin sanyi na ajiye magani a wani asibiti. Ofishinmu tebur shida ne, biyar babu kowa a kansu. Wanda ya rubuta manhajar, maigidana a aiki da muke kira Dogo, ya rasu shekara huɗu ke nan. Inda ya rubuta umarnin, na san ya duba, ya auna, ya ga bari ya fi. Amma akwai gurabe goma sha biyu da ya bari fanko. Da gangan ne, ko ajali ne ya riga shi?

Na cike ɗaya. Na sa ƙararrawa ta buga duk sanda aka buɗe ƙofar ɗakin. Ta dinga bugawa sau arba'in a wuni, har ma'aikatan jinya suka gaji suka zare wayarta. Ranar da injin sanyi ya mutu, ba wanda ya ji, maganin wata uku ya lalace. Na je wurin matar Dogo ko ya bar wani littafi. Ta ce, "Ɗana, shi fa komai a kansa yake ajiyewa. Ni ma akwai abin da nake son tambayarsa."

Saura goma sha ɗaya. Kullum ina buɗe su, ina kallonsu, ina rufewa. Ba na jin kunyar faɗa muku, kaɗaici ne, kuma yana ci na.

Na uku, wata mai zuwa zan ajiye aiki, har yau ba a ɗauki magajina ba. Ba za mu haɗu ba, ba zan nuna masa komai ba. Duk inda na ga bari ya fi, na rubuta masa umarnin nan a fili. Idan kuka soke shi, za a share waɗannan layuka, ya zo ya tarar da ni shiru kamar yadda na tarar da Dogo. Ina roƙonku ku bar mini hanyar ce masa na duba.

Allah Ya ji ƙan Dogo, Ya yi wa kwamiti jagora, Ya mai da kowa gida lafiya. Wanda zai zauna a teburina kuma, Allah Ya ba shi abokin tambaya.

Na gode.