Jan Zaren da Ya Ci Idon Yayana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Wani tsohon masunci ne daga ƙasar Roni. Na ji kuna gardama kan ko jar ƙugiya ta fi kama kifi, shi ne na sa aka rubuta muku.

Tun zamanin En'e nake fatsa da yayana Ilu a tafkin bayan garinmu. Wata damina na naɗa jan zaren saƙar innarmu a ƙugiyoyina. Tarwaɗa ta yi ta faɗo mini, shi kuwa ko ɗaya. Ya ce asiri na yi na janye masa rabo. Na ce, "Yaya, zare ne kawai." Ya ce, "Ni za ka raina wa hankali?" Ya tsinke mini igiya, ya danna kaina cikin laka har na fara shiɗewa. Da na ƙwace, na zabga masa ragowar igiyar a fuska. Ƙugiya ta shige idonsa na hagu, ni kuma na fizga. Jini ya wanke masa riga.

Dogari ya ɗaure ni zuwa gaban alƙali, aka farfasa mini baya da bulala. Damina ta zagayo na sake naɗa zaren, ban kama abin kirki ba.

Don Allah masana su gaya mini gaskiya. In ja ba ya kiran kifi, a kan me na tsiyaye idon ɗan'uwana?

Ina gaida Yaya Ilu. Na san yana ji, ko da ba zai amsa ba.