Bindiga Mai Daɗin Riƙo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan zama, Alhaji Hayatudeen. Limaminmu, Malam Mudathir. Shugabar mata, Hajiya Fatouma. Iyayena maza da iyayena mata. Direbobin da suka ajiye motocinsu a wannan yammaci na Lahadi, da 'yan kasuwar da suka rufe shagunansu. 'Yan'uwanmu na Nijar, da na Kumasi da Accra, da na Najeriya, Musulminku da Kiristanku. Da ku 'ya'yanmu da ke kujerun baya, masu jin Hausa su amsa da Turanci: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da Ya tara mu lafiya a Beltsville, ina kuma gode wa ƙungiya da ta ba ni wannan dama. Shekara goma sha ɗaya ina cikinta, ba a taɓa miƙo mini makirufo ba sai in za a sanar da cewa abinci ya sauka. Yau kuwa an ce Ramatou mai shagon kayan miya a Silver Spring ta zo ta koya wa jama'a yadda ake zaɓen ƙaramar bindiga mai sauƙin kuɗi da daɗin riƙo. Duniya ke nan. Zan faɗi abin da na sani a kan abubuwa huɗu, wanda ya ji an taɓa shi ya yi haƙuri.

Abu na farko shi ne abin da ya kai ni. A watan Maris na bara, ranar wata Talata, na idar da azahar a bayan kanta, ina naɗe darduma, ƙararrawar ƙofa ta buga. Na ɗago da fara'ata ta ciniki, sai na ga bakin bindiga. Mutumin ya ce in kwanta, na kwanta tsakanin buhunan gero da jarkokin manja, kumatuna a kan siminti. Abin da ya ɗauka bai dame ni ba, Allah Ya mayar. Abin da ya bar mini shi ne ciwon. Wata biyu, duk sanda ƙararrawar nan ta buga sai gwiwoyina su saki, ko da mai shigowar tsohuwa ce da sanda. Na ce wa kaina, ko in rufe shagon da na yi shekara tara ina ginawa, ko in nemi abin da zai tsayar mini da gwiwa.

Da labari ya fita cewa Ramatou na neman bindiga, a ranar na san cewa Allah Ya albarkaci wannan ƙungiya da gwanaye. Muntaka direba ya zo har shago ya ce, "Hajiya, ki sayi irin ta sojoji, wadda ɓarawo zai gani ya tuba." Na ce, "Muntaka, ka taɓa harba irinta?" Ya ce shi dai danƙo ya taɓa harbawa a Tahoua, amma ai hannu ɗaya ne. Wani kuma, ba zan kama suna ba, ya sassauta murya ya ce ya san mutum a Baltimore, ba takarda, ba layi, rabin kuɗi. Na ce masa shekara bakwai na yi ina bin layin takardun zama a ƙasar nan, ba zan zubar da su don rangwame ba. Maigidana Alhaji Abdou kuwa, ga shi nan zaune, ya ce shi zai raka ni, shi zai zaɓa, domin kakansa mafarauci ne a Dakoro.

A gida ana cewa a Amurka bindiga ta fi gyaɗa sauƙin saye. Wanda ya faɗi haka bai zo Maryland ba. Sai da na zauna a aji, aka ɗauki zanen yatsuna, aka binciki sunana, aka kuma ce in jira. Ina kyautata zaton wanda ya kwantar da ni a ƙasa bai sha wannan wahalar ba.

Abu na biyu shi ne girmanta. Malamarmu a ajin wata baƙar fata ce daga Bowie, sunanta Olive, tsohuwar soja, ba ta da yawan dariya, Mama take kirana. Ita ta kai mu wurin gwajin harbi. Mai kantin wurin na ganin kallabina, ya ɗauko mini wata 'yar mitsitsiya ruwan hoda, ya ce wannan ce ta mata. Na ƙyasa, ba zan ɓoye ba, don za ta shige jakar biki. Olive ta ce, "Mama, harba tukuna." Na harba. Jama'a, ashe ƙaramin barkono ya fi yaji. Ta yi tsalle a hannuna kamar kifi, wuyan hannuna ya amsa har kafaɗa. Olive ta ce ƙanƙanuwa ba ta da nauyin da zai shanye bugu, hannunki ne zai shanye.

Sai jikan mafarauci ya matso. Ya zaɓi mafi girma a kantin, ya gyara tsayuwa, ya ƙi jin inda aka ce ya ajiye babban yatsa. Irin waɗannan bindigogi, masu ɗana kansu bayan kowane harbi, akwai ƙarfe a samansu da yake komawa baya da ƙarfi. Ƙarfen nan ya koma, ya tarar da yatsan Alhaji a hanya. Alhaji, ka ce kada in faɗa, amma shugaba ya ce in faɗi gaskiya. Mako guda yana tuƙi da bandeji, yana ce wa mutane ƙofar mota ce.

Wadda ta karɓe ni ita ce ta tsakiya, ba ƙanƙanuwa ba, ba ƙatuwa ba. Yatsuna duka suka sami wurin zama a mariƙinta, manunina ya kai kunamarta ba sai na karkata hannu ba, kuma duk da sanyin ƙashin da ke damuna na iya jan ƙarfen saman nan na ɗana ta da kaina. To ku riƙe wannan: bindiga kamar takalmi ce, ba a aike a sayo, ba a kuma saye don ya yi wa maƙwabci kyau. Ka riƙe, ka harba, hannunka zai faɗa maka.

Abu na uku, kuɗi, ba zan daɗe a kai ba. Araha ba ta ado. Mafi arha da na gwada, cikin harbi goma ta cije sau biyu, ɓarawo kuwa ba ya tsayawa ka gyara. Mafi tsada ta kai kuɗin jirgi zuwa Yamai. Na ɗauki ta hannu, wadda masana suka duba suka ce lafiyarta ƙalau. Amma kada kowa ya ruɗe ku, kuɗin bindiga ba ya ƙarewa a kanti. Akwai akwatin ƙarfe mai makulli, wanda ya zama dole ga duk mai jikoki, akwai harsashin koyo, akwai Asabar ɗin da za ka rufe shago ka je ka koya. Wanda ba zai iya waɗannan ba, ya sayi kwaɗo mai kyau ya huta.

Abu na huɗu ba a sa ni in faɗa ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba sai mutum ɗaya.

Na nemi mai daɗin riƙo, Allah kuwa Ya ba ni. Ta yi mini daɗi har na saba buɗe akwatinta da safe a ƙarƙashin kanta, in bar shi a buɗe. Gwiwoyina suka daina saki. A watan Janairun nan, ranar da ƙanƙara ta rufe titi, da misalin ƙarfe biyu na rana, ina ni kaɗai, ƙararrawa ta buga. Wani dogon mutum ya shigo, hula har gira, mayafin sanyi har hanci. Bai yi sallama ba. Bai dubi kaya ba. Ya nufo ni kai tsaye, hannunsa na dama cikin rigar sanyi. Na ce, "Sannu da zuwa." Shiru. Na sake faɗa da Turanci. Shiru.

Ban san lokacin da ta shigo hannuna ba. Ban yi shawara ba, ban yi tunani ba, kawai na ji ta a tafina a ƙarƙashin kanta, bakinta na kallon cikinsa ta bayan katako, zaune daram kamar a can aka halicce ta. Ya fara zaro hannunsa. Na fara salati.

Takarda ya zaro. An rubuta acca, daddawa, kuka. Ya ja mayafin ƙasa, sai ga kumatu a kumbure, baki cike da auduga. Daga wurin likitan haƙori yake, an cire masa biyu, matarsa ta ce ya biya ta shago. Shekara shida yana sayayya a wurina. Ma'aikacin jinya ne, ɗan kudancin Kaduna, uban 'ya'ya uku, shi ne ya riƙa zuwa duba mahaifiyata kyauta lokacin da ta kwanta.

Malam Kambai, ga ka can kusa da taga. Yau ka fara jin wannan magana.

Na auna maka acca. Na cika maka leda da yaji da kilishi na ce gyara ce, ka tafi kana jinjina kirkin Hajiya. Kana fita na kulle ƙofa, na zauna a ƙasa. Na kira Olive. Ba ta tausaya mini ba, ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Mama, ina yatsanki yake a lokacin?" Na ce a gefe, a miƙe, ba a kan kunama ba, yadda ta yi ta nanata mini har na gaji da ita. Ta ce, "To shi ya sa mutumin nan zai ci tuwo a gidansa. Ki kulle akwatin, ki zo ranar Asabar."

Bindigar tana nan, ban sayar ba, ba kuma zan tsaya nan in ce ku saya ko kada ku saya ba. Akwatin yanzu a kulle yake, ƙofar shago kuma sai na ga fuska nake buɗewa. Amma duk wanda ya je zaɓe, ya sani cewa wadda ta dace da hannu tana saurin zuwa hannu, ta riga hankali isowa, kuma ba ta san fuskar kowa ba.

Malam Kambai, a gaban limami, a gaban matarka, a gaban jama'ar nan, ina roƙonka ka yafe mini.

Allah Ya tsare mu, Ya tsare shagunanmu da motocinmu da 'ya'yanmu. Allah Ya kare mu daga sharrin mugu, Ya kare na kirki daga tsoronmu. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya ba wannan ƙasa da ta karɓe mu. Kuɗin da na kashe a kan bindigar nan kuwa, ku taya ni da amin, Allah Ya sa su zama asara har ƙarshen rayuwata. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.