Galan na Goma a Hannun Inna Habsu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Shugaban wannan taro, Alhaji Gwadabe, mai girma Mai Unguwa, Malam Liman da na'ibinsa, Sarkin Noma, Arɗo da jama'arsa da suka tako daga ruga, iyayenmu mata da ke zaune can gindin ɗorawa, 'yan'uwana mutanen Nasarawa Burkullu, manya da yara, ina yi muku barka da hantsi.

Ni ne Abdulhadi, malamin lissafi a firamarenmu, kuma sakataren kwamitin ruwa na wannan unguwa. Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya gare ku da kuka bar sharar gona kuka zo. An tara mu ne kan magana ɗaya: wasu sun nemi a karɓe makullin famfo daga hannun Inna Habsu a ba wani. Kafin a yanke, ina roƙon ku saurare ni.

Da farko, lissafi. Ku yi haƙuri, sana'ata ce, kuma yau ba bulala. Tankin rijiyar burtsatsenmu yana cin galan dubu ɗaya, injin mai aiki da hasken rana kuma sau ɗaya yake cika shi a yini, tunda ruwa ya yi ƙasa a wannan bazara. Gidajen da ke ɗiba, har da na ruga, ɗari ne. Galan dubu a raba wa gida ɗari, kowane gida galan goma, wato jarka biyu mai cin biyar-biyar. Haka muka tsara, haka kuka amince, kuma da bakinku kuka ce Inna Habsu ce za ta tsaya a bakin famfo, don ba a taɓa jin ta cuci kowa ba.

Abin da muka manta shi ne ko wace ce muka ɗora. Inna Habsu ta tsufa tana sayar da man gyaɗa, kuma wa ke nan da ya taɓa sayen kwalba a wurinta bai samu gyara ba? Tun muna yara, in ta cika maka kwalba sai ta ɗiga maka wani a murfi, ta haɗa da ƙuli. Hannun nan bai san a auna a tsaya ba. To, hannun nan muka kai bakin famfo.

Ranar farko ta cika wa wata yarinya, Fa'iza, jarka biyu, ta ga buta a hannunta, ta ce, “Miƙo nan, ɗiyata, a yi miki gyara.” Washegari kowa ya zo da buta. Daga buta aka koma kwano, daga kwano aka koma bokiti. Magaji, ina ganinka kana sunkuyar da kai. Daga gidanka aka zo da bahon wanka, kuma ni na gani da idona.

Na biyu, ga abin da gyaran ya haifar. In kowane gida ya ƙaru da galan ɗaya kacal, an koma sha ɗaya-sha ɗaya, kuma galan dubu ba zai wuce gida casa'in da 'yan kai ba. Gida tara za su koma da jarka tana ƙara. Su waye taran? Na nesa ne, na gangare da na ruga, waɗanda kafin su iso layi ya yi tsawo. Cikinsu har da gidan Maryam matar Usama, wadda ke cikin jego, tana bukatar ruwan wanka safe da yamma. Ranar Laraba surukarta ta gangara tsohon tafki, wanda ma'aikatan lafiya suka ce ko dabba kada ta sha, ta ɗebo. Allah ya tsare, maƙwabta suka tare ta a hanya. Don haka waɗanda suka kawo ƙara ba su yi laifi ba, gaskiya suka faɗa, kuma ina gode musu.

A ranar na je na sami Inna na yi mata lissafin nan da tsakuwa a ƙasa. Ta dubi tsakuwar, ta ce, “Abdu, ashe ruwan wasu nika kyauta da shi? Wallahi ban sani ba. Ni dai in na ga yarinya ta taho da nisa, kunya nika ji in sallame ta hakanan.” Ta yi kuka, jama'a, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Na uku, ga shawarata. Kada mu karɓe makulli, kada kuma mu ce hannun Inna ya koyi rowa da tsufa, don ba zai koya ba. A maimakon haka mu sa gyaran cikin lissafi. Kowane gida a auna masa galan tara, a yi wa jarka ta biyu zane da fenti inda ruwa zai tsaya. Galan na goma daga kowane gida a bar shi a tanki. Galan ɗari ke nan a hannun Inna. Ba za ta taɓa shi ba sai gida na ƙarshe ya ɗiba, kuma da galan guda na awo za ta riƙa bayarwa, ba da baho ba. Na san wani zai ce, “Malam, tara da ɗaya ai goma ne.” Haka ne, amma ɗayan ba lallai gidanka zai dawo ba. Zai tafi gidan mai jego, gidan mara lafiya, gidan da aka yi rasuwa baƙi suka cika. Wadda ta san waɗannan gidaje tun kafin a sanar a masallaci, ita ce.

Saura magana ɗaya, kuma Inna ta hana ni faɗa. Ki gafarce ni, Inna. Tun ranar Larabar nan, rabon gidanta duka gidan Maryam take aikawa da shi, ita kuma tana alwala da abin da maƙwabta suka sam mata. Maryam ba ta fita, amma ta aiko ni da saƙo. Ta ce, “Malam, ka hwaɗa musu, in don ni za a amshe makullin Inna, ni ban kai ƙara ba. Su bar min ita, su rage nawa.”

Wadda aka fi cutarwa ke nan, ta riga mu ba da galan ɗinta. Gidana ne na biyu. Wanda ya yarda a bar wa Inna Habsu makullinta, ya kuma bar mata galan ɗaya, ya ɗaga hannu shugaba ya gani. Magaji, kai hannu biyu za ka ɗaga.

Allah ya albarkaci wannan ruwa da masu shan sa. Allah ya raya abin da Maryam ta haifa, ya ba Inna Habsu tsawon rai da lafiya, ya kawo mana damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.